Mu'ujiza da Dokokin Halitta: Ina Ainihin Gardamar Take?

A babi na 11 na Bisharar Yahaya, da Yesu ya tsaya a bakin kabarin Li'azaru ya ce a kawar da dutsen, wadda ta fara ja da maganar ita ce Marta, 'yar'uwar mamacin. Ta ce masa ai yanzu gawar ta yi wari, don kwana huɗu ke nan da rasuwarsa. Marta ba ta taɓa zama a ajin kimiyya ba, amma ta san abin da kwana huɗu ke yi wa gawa a ƙasa mai zafi. Haka Yusufu: da ya ga Maryamu da ciki alhali ba su tare ba, Matiyu ya ce ya ƙudura rabuwa da ita a asirce, domin ya san ta hanyar da ciki ke samuwa. Shi ma makahon da aka buɗe wa ido a babi na 9 na Yahaya, da bakinsa ya ce tun da aka kafa duniya ba a taɓa jin an buɗe idon wanda aka haifa makaho ba.

Ana yawan jin masu ilimin zamani suna cewa mutanen dauri sun gaskata mu'ujiza ne don ba su san yadda duniya ke tafiya ba. Su kansu labaran sun ƙaryata haka. Wanda bai san matacce ba ya tashi ba, ba zai yi mamakin tashinsa ba, balle ya ga abin rubutawa. Littafi Mai Tsarki ma cike yake da maganar tsari. A Farawa 8:22 Allah ya yi alkawarin cewa muddin duniya na nan, shuka da girbi, sanyi da zafi, dare da rana ba za su daina ba. Irmiya 33:25 ya ambaci ƙa'idojin da Allah ya kafa wa sama da ƙasa. Saboda haka tun asali Kirista na riƙe da abu biyu a lokaci guda: duniya tana tafiya bisa tsari tabbatacce, kuma wanda ya kafa tsarin yakan yi wani abu daban in ya ga dama. Abin da za a bincika shi ne ko waɗannan biyun suna iya zama a kai ɗaya ba tare da ɗaya ya ture ɗaya ba.

Fiye da shekara dubu, malaman Kirista ba su ga wani karo a nan ba. Agustin, bishop ɗin Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, wanda ya rasu a shekarar 430, ya ce mu'ujiza ba ta saɓa wa halitta, abin da muka sani game da halitta ne take saɓa wa. Hujjarsa ita ce nufin Mahalicci shi ne ainihin ɗabi'ar kowane abu, to ta yaya abin da ya faru da nufinsa zai zama saɓanin ɗabi'a? Da yake wa'azi kan bikin Kana, inda Yesu ya mayar da ruwa ruwan inabi, ya ce kowace shekara Allah na mayar da ruwan sama ruwan inabi a cikin kurangar inabi, a hankali, ba wanda ke tsayawa ya yi mamaki. A Kana kuwa ya yi aikin nan take. Haka ya faɗa game da gurasa biyar da ta ƙosar da mutum dubu biyar, ya kwatanta ta da 'yan ƙwayoyin iri da ke komawa amfanin gona mai yawa. A ganinsa sabo ne ya dakusar da mamakinmu, mu'ujiza kuma tana zuwa ne ta farkar da mu.

Toma Akwinas, malamin Italiya da ya rasu a 1274, ya zo ya kasa abin gida uku: abin da halitta ba za ta taɓa iyawa ba, abin da takan yi amma ba a wannan jerin ba (takan ba da rai, amma ba bayan mutuwa ba), da abin da takan yi amma Allah ya yi shi ba tare da sababinsa ba, kamar zazzaɓi ya sauka farat ɗaya. Shi ma bai yi maganar karya doka ba. Ya ce Allah na aiki ne a wajen tsarin da aka saba gani.

Abin ya sauya ne a ƙarni na 17 a Turai, lokacin da aka fara rubuta motsin taurari da faɗuwar abubuwa da lissafi. A 1687 Isaac Newton ya nuna cewa ƙa'ida guda ce ke janyo dutse ƙasa, ita ce kuma ke riƙe da wata a falakinsa. Shi da abokan zamaninsa irin su Robert Boyle masu imani ne, kuma sun kira waɗannan ƙa'idoji dokoki ne don sun gaskata akwai Mai kafa doka. Amma da nasarar lissafin ta bunƙasa, sai mutane suka fara kallon duniya kamar agogon da aka ɗaure aka bari yana tafiya da kansa. Daga nan mu'ujiza ta fara kama da katsalandan. Baruch Spinoza, a Holan, ya rubuta a 1670 cewa dokokin halitta su ne hukuncin Allah, don haka in Allah ya saɓa musu ya saɓa wa kansa. Newton kuwa ya yi zaton taurarin da ke zagaya rana za su riƙa karkacewa sannu a hankali har sai Allah ya gyara su. Leibniz, masanin Jamus, ya yi masa raddi a 1715 cewa wannan ya mayar da Allah magyarin agogon da bai ƙware ba. Daga baya Laplace na Faransa ya nuna da lissafi cewa karkacewar da ake gani a tafiyar manyan taurarin nan biyu, Mushtari (Jupiter) da Zuhal (Saturn), tana komawa daidai da kanta. Za mu dawo kan darasin da ke cikin wannan.

Wanda ya fi kowa barin tabo a wannan muhawara shi ne David Hume, ɗan Sikotland, a wani babi da ya wallafa a 1748. Shi ne ya yaɗa ma'anar da mafi yawan mutane ke riƙe da ita yau ba tare da sun san daga ina ta fito ba, wato mu'ujiza keta dokokin halitta ce. Ga yadda ya gina maganarsa. Mai hankali yana auna imaninsa da nauyin hujja. Dokokin halitta sun tabbata ne bisa abin da 'yan Adam suka gani sau da yawa ba tare da canji ba. Shaidar baki kuwa mun san tana kuskure, mun san ana ƙarya, ana ruɗuwa. To in wani ya ce ya ga matacce ya tashi, sai ka ɗora abu biyu a ma'auni: wanne ya fi sauƙin faruwa, mutumin nan ya yi ƙarya ko an ruɗe shi, ko kuwa da gaske mataccen ya tashi? Hume ya ce ba za a karɓi shaidar ba sai in ƙaryarta ta fi mu'ujizar kanta zama abin mamaki.

Maganar na da ƙarfi, kuma kowa na amfani da ita a rayuwarsa ko bai taɓa jin sunan Hume ba. Amma akwai rami a cikinta. In ka ce duk abin da 'yan Adam suka gani ya nuna matacce ba ya tashi, ba tare da togiya ko ɗaya ba, ai ka riga ka yanke hukuncin cewa duk rahotannin tashin matattu ƙarya ne, alhali wannan ne abin da ake shari'a a kansa. Sannan ƙa'idar tana hana mutum karɓar gaskiyar da bai saba da ita ba. Hume da kansa ya kawo misalin wani basaraken Indiya da ya ƙi yarda cewa ruwa na daskarewa ya zama ƙanƙara, ya ce basaraken ya yi tunani daidai. Ya yi tunani daidai, amma ya ƙare a kan kuskure. Masanan Faransa sun daɗe suna ɗaukar labarin duwatsu na faɗowa daga sama a matsayin camfin ƙauyawa, har sai da duwatsu kusan 3,000 suka zubo a garin L'Aigle a 1803, aka tura masani Jean-Baptiste Biot ya tattara shaidun mutanen wurin ya auna duwatsun. A nan ƙasar Hausa ma, a watan Oktoba na 1962, wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina, kuma bincike ya nuna daga duniyar Mas ya fito. Manomin da ya ba da irin wannan labari a 1750 da an ce ya zautu.

Tun Hume na raye aka mayar masa da martani da lissafi. Richard Price, wani fasto ɗan Wales wanda shi ne ya fitar da aikin Thomas Bayes kan lissafin yiwuwa a 1763, ya nuna cewa ƙarancin yiwuwar abu shi kaɗai ba ya rushe shaida. Dole a kuma auna yiwuwar samun irin wannan shaidar in da abin bai faru ba. Charles Babbage, wanda ake kira kakan kwamfuta, ya ƙara a 1837 cewa in shaidu ba su haɗa baki ba, yiwuwar dukkansu su yi kuskure iri ɗaya na raguwa da sauri ƙwarai yayin da yawansu ke ƙaruwa. Akwai kuma abin da ba zan iya tsallakewa ba: ɗaya daga cikin hujjojin Hume shi ne labaran mu'ujiza sun fi yawa a cikin al'ummomin da ya kira jahilai marasa wayewa. Wannan mutumin ne ya rubuta a wani wuri cewa yana zaton baƙar fata a ɗabi'ance suna ƙasa da farar fata, abin da ya sa Jami'ar Edinburgh ta cire sunansa daga wani gininta a 2020. Wanda ya riga ya ware shaidar mafi yawan mutanen duniya, ba mamaki ya ga abin da ya rage ya yi daidai da ra'ayinsa.

To mece ce ma dokar halitta? Ba doka ba ce irin ta majalisa, wadda ake karyawa a kai mutum kotu. Bayani ne da muka tsara na yadda abubuwa ke gudana, kuma yana iya samun gyara: lissafin Newton ya kasa bayyana wata 'yar karkacewa a falakin tauraron Utarid (Mercury), sai da Einstein ya zo a 1915. Abu mafi muhimmanci shi ne kowace irin wannan doka tana ɗauke da sharaɗi, ko an faɗa ko ba a faɗa ba: haka zai faru matuƙar ba wani abu da ya shigo daga waje. Ruwa gangare yake bi, wannan ba ya canzawa. Amma manomin rani a fadama yakan dasa injin ban-ruwa ya haura da ruwan rafi zuwa gonar da ke tudu. Ba wanda zai ce ya karya dokar da ke janyo abu ƙasa. Dokar na nan tana aiki a kan kowane ɗigo, wani sababi ne ya shigo, kuma da zarar ruwan ya fita daga bututu sai ya ci gaba da bin gangare. Haka masu kare mu'ujiza a yau suke fahimtarta. A bangaskiyar Kirista, cikin Maryamu bai samu ta hanyar da aka saba ba, amma da ya samu sai ya bi tsarin kowane ciki har haihuwa. Li'azaru ya tashi, amma ya ci gaba da jin yunwa, ya kuma sake mutuwa.

Masu kimiyyar fizis kan kawo dokar da ta ce makamashi ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, sai dai ya sauya kama. Su ce in Allah ya ƙara gurasa, daga ina makamashin ya fito? Amma dokar, yadda ake koyar da ita a kowace jami'a, tana magana ne kan tsarin da ke rufe, wanda ba abin da ke shiga ko fita. Ko duniya baki ɗaya a rufe take, ba wani a bayanta, wannan ba tambayar da ake amsawa a ɗakin gwaji ba ce. Wanda ya ce a rufe take ya ɗauki matsayar falsafa, wanda ya ce a buɗe take ga Mahaliccinta shi ma haka. Kimiyya na aiki ne da abin da ke maimaituwa, kuma tana da gaskiya ta nemi sababi na halitta ga duk abin da aka kawo mata. Wannan hanyar aiki ce mai albarka. Kuskuren shi ne a mayar da hanyar aiki ta zama hukunci kan duk abin da ke akwai.

Mai karatu Musulmi zai ga ya san wannan fage. Alƙur'ani ya tabbatar da haihuwar Annabi Isa ba uba, da warkar da makaho da kuturu da rayar da matattu da izinin Allah, kuma malaman tauhidi kan bayyana mu'ujiza da abin da ya keta al'ada. Imam al-Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya ce in wuta ta taɓa auduga ta ƙone, abin da ido ya gani shi ne ƙuna ta zo tare da taɓawar, bai ga wata tilas da ta ɗaure su ba. Allah ne ke gudanar da al'adar. Ibn Rushd ya yi masa raddi cewa musun sababi musun ilimi ne. A cikin Kiristoci, wani limamin Faransa, Malebranche, ya tsaya kusa da al-Ghazali, Akwinas kuwa ya nace cewa Allah ya ba halittu ikon zama sababi na gaske. Shi Hume ma, a sauran rubuce-rubucensa, ya koyar da cewa ba ma ganin tilas tsakanin sababi da sakamako, sabo ne kawai. Da wuya a haɗa wannan da tabbacin da ya nuna a babin mu'ujiza.

Ba duk Kiristocin Turai da Amurka ne suka tsaya suka yi gardama ba, wasu ja da baya suka yi. Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, ya sa reza ya yanke ayoyin bisharu ya manna su a littafi, ya bar koyarwar ɗabi'a ya zubar da mu'ujizai, ya kammala a 1820. Wani malamin Jamus, Heinrich Paulus, ya nemi bayani na halitta ga kowace: Yesu a bakin gaɓa yake tafiya almajirai suka ɗauka a kan ruwa ne, suma ya yi a kan gicciye sanyin kabari ya farfaɗo da shi. Rudolf Bultmann, shi ma malamin tauhidi na Jamus, ya ce a 1941 mutumin da ke amfani da lantarki da rediyo da maganin zamani ba zai iya gaskata duniyar ruhohi da mu'ujizai ta Sabon Alkawari ba. Duk wanda ya shiga coci a Jos ko Kaduna ko Legas ranar Lahadi, ya ga likitoci da injiniyoyi da waya a aljihu suna addu'ar warkarwa, ya san wannan hasashe bai tabbata ba. Matsalar ja da bayan kuwa ita ce addinin Kirista ya rataya a kan mu'ujiza guda. Bulus ya rubuta wa Korantiyawa cewa in ba a ta da Almasihu ba, wa'azinsu banza ne, bangaskiyarsu ma banza ce. A wannan wasiƙar ya lissafa waɗanda suka ga Almasihu bayan tashinsa, har da mutum fiye da 500 a lokaci guda, ya ce yawancinsu na raye. Magana ce ta wanda ke cewa a je a tambaya.

Wasu kuma sun nemi ƙofa a cikin kimiyyar kanta. Tun shekarun 1920 aka gano cewa a matakin ƙwayar zarra lissafi ba ya faɗin takamaiman abin da zai faru, yiwuwa kawai yake bayarwa. Sai wasu masana suka ce wataƙila a nan Allah ke aiki, yana zaɓen sakamako ba tare da taɓa wata doka ba. John Polkinghorne, farfesan fizis a Cambridge da ya ajiye kujerarsa a 1979 ya zama limamin Angilika, ya fi karkata ga tsare-tsaren da ƙaramin sauyi ke juya su baki ɗaya, kamar yanayi. Ina girmama wannan ƙoƙari, amma ban gamsu da shi ba. Ba ya bayyana kabarin Yesu da aka tarar babu kowa a ciki, kuma yana maimaita kuskuren Newton: a ajiye Allah a gurbin da ilimi bai kai ba, gobe ilimi ya cike gurbin a rasa inda za a sa shi. Bulus ya ce wa Kolosiyawa dukkan abubuwa a cikin Almasihu suke haɗe. In haka ne, hannun Allah na cikin abin da muka gane kamar yadda yake cikin abin da ba mu gane ba.

Ya kamata a lura kuma cewa ba kowace mu'ujiza ta Littafi Mai Tsarki ce ke buƙatar sabon sababi ba. Fitowa 14:21 ta faɗa ƙarara cewa iska mai ƙarfi daga gabas ce ta busa dukan dare ta janye teku. Iska abu ne na halitta, abin al'ajabin shi ne lokacin da ta zo da mutanen da ta zo wa. Labarin tsayuwar rana a Joshuwa 10 kuwa, nassin kansa ya ce daga Littafin Yashar aka ɗauko shi, kuma masu fassara da yawa na karanta shi a matsayin waƙar yaƙi.

Duk abin da na faɗa zuwa nan ya nuna abu guda ne kawai: kimiyya ba ta haramta mu'ujiza ba. Bai nuna cewa wata mu'ujiza ta musamman ta faru ba. A nan ne nake ganin 'yan'uwana Kiristoci da yawa ke yin tsalle, daga "Allah na iyawa" zuwa "Allah ya yi" ba tare da sun taka ƙasa a tsakani ba. Kuma a nan ne rabin maganar Hume ke da gaskiya: mutane na son labarin al'ajabi, labari na ƙaruwa daga baki zuwa baki, wasu kuma na cin abinci da shi. Yesu da kansa ya yi gargaɗi a Matiyu 24:24 kan annabawan ƙarya masu nuna manyan alamu. Ya ƙi dirowa daga kan Haikali, ya ƙi ba Farisiyawa alamar da suka nema.

Tantancewa tsohuwar al'ada ce a cikin ikilisiya. Agustin da fari yana ganin zamanin mu'ujiza ya wuce, daga baya ya sauya ra'ayi, ya sa a riƙa rubuta bayanin waɗanda suka warke a karanta a gaban jama'a, ya ce cikin shekara biyu an tara kusan 70 a Hippo. A shekarun 1730 Prospero Lambertini, wanda ya zama Fafaroma Benedict na 14, ya shimfiɗa sharuɗɗan da Cocin Katolika ke bi har yau: cutar ta zama mai tsanani, kada ta kasance a matakin da za ta warke da kanta, kada a iya jingina warakar ga magani, ta zo nan take, ta zama cikakkiya, kuma kada cutar ta dawo. A Lourdes ta Faransa, inda miliyoyin masu ziyara ke zuwa, an kafa ofishin likitoci tun 1883, kuma kowane likita na iya shiga binciken ko mai addini ne ko ba shi da shi. Cikin rahotanni fiye da 7,000 da aka shigar, 70 da 'yan kai ne kawai aka amince da su. Ɗaya daga ciki wani sojan Italiya ne da kansa ta cinye masa ƙashin ƙugu; ya je Lourdes a 1963, ƙashin ya sake ginuwa, amma ba a amince ba sai 1976. Likitocin ba sa cewa mu'ujiza ce. Iyakar abin da suke cewa shi ne ilimin likitanci na yanzu bai bayyana ta ba, bishop ne ke yanke sauran. Haka aka bi kafin Fafaroma John Paul na 2 ya ayyana Fada Cyprian Tansi, limamin Katolika ɗan Najeriya, a matsayin mai albarka (matakin da ke gab da waliyyi) a kusa da Onitsha a 1998, kuma sai an tabbatar da wata warakar kafin a kira shi waliyyi.

Wannan tsarin ma yana da iyaka, kuma gaskiya ta wajabta a faɗa. Fiye da rabin warakar da aka amince da su a Lourdes an amince da su ne kafin Yaƙin Duniya na Farko, lokacin da kayan gano cuta ba su kai na yau ba. An kuma san cewa wasu cututtuka, har da wasu nau'o'in kansa, kan janye da kansu jefi-jefi. Da aka gwada addu'a kamar yadda ake gwada magani, a wani bincike na Amurka da aka fitar a 2006 kan majinyata 1,802 da aka yi wa tiyatar zuciya, ba a ga bambanci tsakanin waɗanda aka yi wa addu'a da waɗanda ba a yi wa ba. Mai bi zai ce Allah ba ƙwayar magani ba ne da za a auna shi a ma'auni, kuma na yarda. To amma wanda ya faɗi haka ba shi da damar tallata waraka kamar haja, ya sa mata rana da awa a allon talla.

A Najeriya wannan magana ta wuce falsafa, ta shafi rai. A farfaɗowar da Joseph Ayo Babalola ya jagoranta a Ilesa a 1930 an koyar da dogaro ga addu'a ba tare da magani ba, kuma gardama kan shan kwinin da mishan 'yan Birtaniya ke yi na cikin abin da ya raba tafiyar daga baya. A Arewa kuwa, mishan ɗin da suka haifi ikilisiyoyin ECWA da COCIN da EYN, mutanen da suka gaskata kowace mu'ujiza ta bisharu, su ne suka gina asibitoci a Vom da Garkida da Jankwano ta Jos da Galmi ta Nijar. Ba su ga saɓani ba, kuma nassi na bayansu. Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita, ya shawarci Timoti kan ciwon cikinsa, ya kuma ce ya bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya. Manzon da aka ce ya warkar da wasu ya bar abokin tafiyarsa a kwance, bai ɓoye ba.

A 2004 Hukumar Kula da Kafafen Watsa Labarai ta Najeriya ta hana nuna mu'ujizan da ba a tantance ba a talabijin. Yau abin ya koma tauraron ɗan Adam da Facebook da YouTube, inda ba mai tambaya. Haɗarin yana da bayani a likitance. Mai ɗauke da ƙwayar HIV da ke shan maganinsa yadda ya kamata, ƙwayar kan ragu a jininsa har gwaji ya kasa ganinta. In aka ɗaga wannan takarda a gaban taro aka ce ya warke, ya ajiye magani, cikin 'yan makonni ƙwayar kan dawo. Hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama sai ya bugar da mutum. Farfaɗiya da sikila kan lafa na watanni. Duk waɗannan na iya kama da waraka a daren taro, wanda kuma ya koma gida ya kwanta ba a kiransa ya ba da shaida ta biyu.

Da Yesu ya warkar da kuturu, Markus 1:44 ya ce ya umarce shi kada ya faɗa wa kowa, ya je ya nuna kansa ga firist. Bisa Littafin Firistoci babi na 13 da 14, firist ne mai duba cutar fata a Isra'ila. Shi ke fita bayan zango ya dudduba jikin mutum, a yi wanka da aski, a jira kwana bakwai, a rana ta takwas a miƙa hadaya kafin mutumin ya koma cikin jama'a sosai. Firist ɗin nan ba ya cikin almajiran Yesu, kuma yana da ikon ya duba ya ce cutar na nan.